Farin Gishirin Suwaiba

A tsohon garin Agadas, in ka ce gidan Suwaiba mai yawara kake nema, ba wanda zai tsaya yi maka dogon kwatance. Cewa za a yi ka ɗaga kai ka duba inda shirwa ke shawagi, ka bi ta. A kan soron gidan ake shanya nama, kuma shirwar unguwar kaf sun haddace wurin, ko da yake ba abin da suke samu a can sai jifa.

Yawara ce sana'ar Suwaiba tun tana amarya. Ta sayo cinyar sa ko ta raƙumi da sassafe, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta bi naman da wuƙa tana zare shi siri-siri kamar igiya, ta murje shi da gishiri, a hau da shi sama a rataya. Ranar Agadas kuwa ba ta san wasa ba, nan da nan za ka ji nama ya bushe ƙayau. Masu motocin da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma su ne abokan cinikinta, da ƴan haƙar zinariya. Namanta sai ya yi watanni a jaka bai sake wari ba. In an tambaye ta asirin abin, amsarta ba ta canzawa: tsabta, da gishirin Bilma.

Tsabtar nan kam Allah ya ba ta har ta so ta yi mata yawa. Mace ce da za ka miƙa mata ruwa a gidanka ta ɗauraye kofin a kan idonka kafin ta sha. Maƙwabta na tsokanarta, wai da ruwa na wankuwa da shi ma bai tsira ba. Gishiri dai bai tsira ba. Bezar Bilma, wato gishirin ci, a bayan raƙumi take zuwa, da yashi a jikinta da gashin dabba da ɓurɓushin kaba. Uwar Suwaiba ta koya mata yadda ake yi: a zuba a ƙwarya, a kwara ruwan sanyi, a cuɗa da hannu da sauri kafin ya narke, a tsiyaye, a sake, sannan a baza a faifai a kai rana. In ya bushe sai ka ga ya fito fari ƙal. Suwaiba ba ta taɓa sa gishirin da ba a yi wa haka ba a bakin wani mahaluki.

Mijinta, marigayi Lawali, shi ne ke kawo mata gishirin lokacin yana bin ayari. Ya rasu ya bar ta da ƴaƴa mata biyu. Har yau in ayari ya sauka, abokan tafiyarsa sukan aje mata rabonta a zaure ba tare da ta roƙa ba. Duk sanda ta kwance ɗaurin, warin hanya ya bugi hancinta, sai ta ji kamar yanzu zai yi sallama ya shigo yana kaɗe rawani.

Akwai wani abu kuma da aka san Suwaiba da shi, amma shi ba a faɗa a gabanta. Tana da maƙoƙo, ya kai girman dunƙulen hannu, tana rufe shi da wani irin naɗin mayafi da ta ƙware a kai. Uwarta ta yi shi, gwaggonta ta yi shi. Su a wurinsu wuyan gida ne, kamar yadda wasu ke gadon wushirya. Abin da ba ya ciwo, wa zai kira shi cuta?

Autarta Sadiya ta haura shekara ashirin, amma tsayinta na ƴar shekara goma ne. Ba ta ji, ba ta magana. Da aka haife ta, mata sun yi ta yabon haƙurinta, jaririya ba kuka ba rigima, sai barci. Sai da aka yaye ta aka gane irin haƙurin da ne. Aikinta biyu a gidan, korar shirwa da wankin gishiri, kuma na biyun nan shi ne abin alfaharinta a duniya. In gishiri ya bushe, sai ta ɗebo cikin tafin hannu ta kawo daidai fuskar uwar, ta washe baki, ta tsaya tana jira. Suwaiba ta duba da kyau, ta gyaɗa kai, ta shafa mata ka. Wannan shafar Sadiya ke wuni tana nema.

Babbar kuwa, Nafi, tana auren Ya'u, wanda ke jan babbar mota a hanyar Dirku, yau yana gari gobe ba ya nan. Ciki biyu Nafi ta yi, ba wanda ta goya. Na farko ya zube, na biyu ya zo ba rai. Da na uku ya shiga, Suwaiba ta daina barci mai nauyi. Ba ta roƙi Allah dukiya ba, ba ta roƙi Makka ba. Jika take so, rayayye, mai kunne da baki, wanda za ta kira ya amsa, ta aike shi ya ƙi zuwa, ta zage shi ya rama. Ta gaji da gidan da muryarta kaɗai ke tashi a ciki.

Ita ta raka Nafi awo a ƙaramin gidan likita na unguwa. Ungozomar wurin, Madam Rahma, mace ce mai fara'a da saurin hannu. Ta gama auna ciki, sai ta kai yatsu wuyan Nafi ta lallatsa, ta ce ta haɗiyi yawu. Daga nan ta juyo ta dubi mayafin Suwaiba, irin duban da ke ratsa tufa.

“Inna, wane gishiri kuka ci gida?”

“Wane gishiri kuwa? Na Bilma mana. Akwai wani?”

“Akwai, Inna. Kin ga wuyan Nafi ya hwara tashi. Wani sinadari ne jiki ka so, iyod sunanshi, ɗan kaɗan ƙwarai. Ƙasarmu ba ta da shi, gishirin Bilma ma ba ya da shi yadda za shi isa. In mai ciki ta rasa shi, ɗan da ke cikin shi ka shan wahala. Wani shi zube, wani shi zo ba ya ji, ba ya girma.”

Suwaiba ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Wannan yarinya da aka haifa jiya, ita ce za ta zagi gishirin da ya rayar da garin nan tun kaka da kakanni? Ta gyara zama za ta wanke ta tas, sai Madam Rahma ta sassauta murya ta ce, “Cikin ɗiyanki akwai wanda ya zo haka?”

Nafi ce ta amsa, kanta a sunkuye, ta ce akwai ƙanwarta.

“To, abin da na so ke nan ku yi. Ku sayi sel iyode, gishiri mai iyod, buhun yana da tambari. Shi za a sa ma duk abin da Nafi za ta ci, tun daga yau hal ta haihu, hal ta yaye. Ke ma shi, Inna. Ba shi da wuya.”

Ba shi da wuya! Haka masu karatu ke faɗa. Kwana da kwanaki Suwaiba na fama da zuciyarta. Ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya a kan gishirin Lawali, ta fito. Ta dubi Sadiya tana zaune a bakin matakala tana wasa da yatsunta, ta tuna cikinta da ta yi goyonsa da wannan gishirin, safe da yamma, da hannunta. In maganar yarinyar nan gaskiya ce, to abin da mijinta ya ratsa sahara ya kawo da guminsa bai ishi ƴarsa ba. Wannan tunani ya yi mata ciwo fiye da yadda za ta iya gaya wa kowa. Amma Suwaiba ba ta yin abu rabi da rabi. Ran da ta yanke shawara, ta kira wani mai awaki ta ce ya kwashe gishirin Bilma duka ya kai wa dabbobinsa. Ko ƙwaya ba ta rage ba, don kada wata rana hannu ya yi kuskure. Ta aika wa Ya'u cewa Nafi ta dawo gabanta sai ta haihu, ba wanda zai dafa mata ko ruwan zafi in ba ita ba.

Ta tafi babbar kasuwa da kanta, ta sa mai shago ya nuna mata tambarin da yatsa, ta sa wani ɗan lakkal, wato ɗan makarantar boko, da ke wucewa ya karanta mata don ta tabbata. Aka ɗoro mata buhu guda a amalanke.

Da ta farke bakin buhun a tsakar gida, sai ta ja da baya. Gishirin manyan ƙwayoyi ne, da danshi-danshi, launinsa ya yi dishi-dishi kamar tsohon farin zane. Ga zaren buhu a ciki, ga ɗan baƙi-baƙin da ba ta san ko mene ne ba. Wa ya san ƙasashe nawa ya ratso, hannu nawa ya taɓa shi, a gindin wace mota ya kwana?

“Wagga ƙazanta za ni ba ɗiyata da ciki?” in ji ta. “Wallai a'a. Sadiya!”

Ta manta, kamar yadda take mantawa kullum, cewa kiran ba ya zuwa ko'ina. Ta je ta taɓa kafaɗarta, ta nuna mata buhu, ta nuna ƙwarya. Fuskar Sadiya ta haskaka. Aka kwara ruwa, aka cuɗa, aka tsiyaye. Ruwan farko ya fita da duhu, Suwaiba ta yi tsaki, ta ce a sake, a kuma sakewa. Nafi na zaune a inuwa tana dariya, tana cewa Inna za ta wanke shi har ya ƙare. Ita ce ma ta miƙo musu wani bidon ruwa, wato jarka, da na hannunsu ya ƙare. Aka baza a faifai aka kai soro, rana ta yi aikinta. Da la'asar Sadiya ta sauko da tafinta cike, fari ƙal, har ya fi na Bilma. Suwaiba ta gyaɗa kai ta shafa mata ka, ta ce a ranta yanzu ne ya zama abin ci.

Haka aka yi ta yi. In na tulu ya kusa ƙarewa, a ɗebo daga buhu a wanke a shanya. Buhu ya ƙare aka sayo wani. Masu motoci suka fara ƙorafi, wai yawarar ta sake ɗanɗano, ba ta da wannan ɗan ɗaci-ɗacin na da. Wasu suka koma wurin wata mata a Sabon Gari. Suwaiba ta ce su tafi, Allah ya raka taki gona. Abokan Lawali suka kawo rabonta da ayari ya sauka, ta fito zaure ta yi musu godiya, ta ce su kai wa wani. Dattijon cikinsu ya dube ta, ya sunkuya ya ɗauki ɗaurin. Da suka fita ta zauna a zauren ta yi kuka, ta share ido ta koma kan tukunya.

Nafi kuwa ta ga gata. Kwaɗayin cikinta ya faɗa kan busasshiyar hanta, Suwaiba ta riƙa yanka mata ita fale-fale, ta barbaɗa farin gishirin nan da yalwa, ta shanya mata a gefe guda inda ko ƙuda bai isa ba. Ta daka yawara a turmi ta zuba a miyar kuka, ta sayo albasar Tabelot mai zaƙi ta yanka a kai. Duk cokalin da Nafi ta kai baki, Suwaiba na bin sa da ido kamar magani. In sun je awo Madam Rahma ta tambaya ko ana sa gishirin, sai Suwaiba ta amsa da ƙarfi tun kafin Nafi ta buɗe baki: “Shi kaɗai! Ko na Bilma ƙwaya babu gidana.” Madam Rahma ta ce madalla da Inna. Wuyan Nafi dai bai sauka ba, amma an ce dama ba dare ɗaya yake sauka ba.

Cikin ya zauna. Ya wuce watan da na farko ya zube, ya wuce komai, ranar wata Laraba da hantsi Nafi ta haifi ɗa namiji, rayayye. Suwaiba ta yi guɗa a farfajiyar gidan likita har aka fito aka ce ta yi a hankali. Ya'u ya baro motarsa a Dirku ya biyo wata ya zo. Ran suna aka raɗa wa yaro Lawali. Tun da Suwaiba ba ta iya faɗar sunan mijinta, sai ta riƙa kiransa Maigida, tana yi masa tsiya irin ta kaka, wai ya dawo ya same ta ta tsufa, ina tsarabar Bilma, ina kuɗin cefane.

Mata suka cika gida, ana ta karɓar jariri hannu zuwa hannu. Ana kiɗan ƙwarya a kansa yana barci. Wata tsohuwa ta leƙa fuskarsa ta ce, “Kai, Nafi kin yi sa'a. Wanga yaro akwai haƙuri. Ko kuka ba ya yi.”

Suwaiba na rabon nama a lokacin. Hannunta ya tsaya a cikin kwano. Ta taɓa jin wannan magana, a wannan tsakar gida, kusan a wannan wuri. Ta ce a'uzubillahi, ta ci gaba da rabo, amma naman sunan nan ko yanka ɗaya ba ta ci ba.

Daga ranar ta zama mai gadi. Yaro ba ya neman nono sai an tashe shi, in ya kama ma sai barci ya ɗauke shi. Jikinsa da sanyi-sanyi. Kukansa, in ya ga dama ya yi, wata ƴar murya ce a shaƙe. Ta ce wa kanta jarirai iri-iri ne. Aka yi arba'in, aka wuce, wata ya bi wata. Ƴaƴan maƙwabta da aka haifa bayansa suna waiwaya in an tafa hannu, suna ɓangala dariya. Maigida sai dai ya kalli rufin ɗaki.

Wata rana da hantsi Nafi ta shiga wanka, ta bar shi kwance a tabarma idonsa biyu. Suwaiba ta ɗauko babban faranti na ƙarfe, ta zagaya ta bayan kansa inda ba zai gan ta ba. Ta daɗe a tsaye tana riƙe da shi. Sannan ta sake shi a kan daɓe. Ƙarar ta tashi tantabarun maƙwabta, akuya ta tsinke igiya. Yaro ko ƙifta ido bai yi ba. Da ta ɗaga kai, sai ga Nafi a ƙofar makewayi da zane a ƙirji, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ashe ita ma Nafi ta daɗe da sani, kowace na ɓoye wa ƴar'uwarta.

Baƙin ciki a wurin Suwaiba faɗa yake zama. Ta ja mayafi ta nufi gidan likita, ta ratsa layin mata masu jiran awo kamar ba ta gan su ba.

“Kin ce in bar gishirin mijina, na bari! Kin ce in sayi naku, na saya! Mutanena sun watse, ban ce uhum ba. To ga shi nan, yaro ba ya ji. Mi kinka ce mani? Mi kinka ce?”

Madam Rahma ba ta mayar da faɗan ba. Ta zaunar da ita, ta yi tambayoyi a kan yaron, fuskarta na sauyawa da kowace amsa. Ta ce a kawo shi gobe da safe a kai shi babban asibiti a ɗebi jininsa. Ta ce kuma wani lokaci ƴan kasuwa kan zuba gishirin banza a buhu mai tambari, don haka in ta tashi aiki za ta biyo ta ga gishirin da idonta. Suwaiba ta koma gida tana huci. Ta riga ta gama shirya abin da za ta yi wa mai shagon nan a tsakiyar kasuwa.

Da la'asar Madam Rahma ta zo da wata ƴar kwalba ƙarama kamar ta maganin ido. Ta ce a kawo gishirin da ake girki da shi. Suwaiba ta ɗebo daga tulu a murfin kwano, fari ƙal, ta aje da ɗan alfahari duk da halin da ake ciki. Nafi na zaune da yaro a cinya. Sadiya ta matso ta tsuguna, tun da an taɓo abin da ya shafe ta.

“In akwai iyod, za shi sake launi,” in ji Madam Rahma. Ta ɗiga. Gishiri ya jiƙe, ya tsaya fari. Ta sake ɗigawa a wani gefe. Fari.

“Kin gani!” Suwaiba ta miƙe. “Ɓarawon banza! Allah ya isa tsakanina da shi!”

“Ina buhun, Inna? In ga tambarin.”

Aka jawo buhu daga ɗakin ajiya, saura kusan rabi. Madam Rahma ta duba tambari, ta sa hannu ta ɗebo, ta tsaya tana kallon abin da ke tafinta, sannan ta kalli na murfin kwano. Ta zuba shi a gefe ta ɗiga ruwan kwalbar. Nan take wurin ya rine, shuɗi mai duhu kamar shunin rawani.

Madam Rahma ta ɗago ta dubi Suwaiba.

“Inna,” in ji ta a hankali, “wanga da wancan ba ɗaya ba ne. Wancan hwari daga ina?”

“Shi ne mana. Daga buhun nan. Wanke shi kawai munka yi.”

“Wanke shi?”

“Da ruwa. Mu shanya bisa soro. Ke kin ga yadda ya zo, ai ba a ba mai ciki...”

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga Madam Rahma ta sa hannu ta rufe bakinta. Can ta sauke hannun. Ta ce iyod ɗin ba a cikin ƙwayar yake ba, fesa shi ake yi a bayanta. Ruwa na taɓa shi yake tafiya, abin da ya rage kuma rana ta ƙarasa. Ta ce, “Laihina ne, Inna. Ban ce maki kar a wanke ba. Wallahi bai taɓa zo mani a rai ba ana wanke gishiri.” Ta ƙara da cewa ba wanda zai rantse wannan kaɗai ne sanadi, sai an ga jini, kuma akwai maganin da in an fara shi da wuri yakan taimaki girman yaro. Kunnen ne ba ta yi alkawari a kai ba.

Suwaiba ba ta ji rabin wannan ba. Idonta na kan magudanar da ke bakin rariya, inda ƙasa ta yi fari-fari saboda ruwan da aka yi ta zubarwa a wurin. Duk abin da aka ce ta ba ƴarta, nan ta tsiyaye shi, da hannunta, tana tsaki. Ta zauna daɓas a ƙasa, wurin da ko baƙo ba ta bari ya zauna ba tabarma, ta dubi shuɗin tabon nan, kuka ya ƙwace mata irin wanda ba ta yi ba ko ran da aka kawo labarin Lawali.

Ta so Nafi ta zage ta. Da ta yi, da ta sami abin riƙewa. Amma Nafi sai ta matso da yaron a hannu, ta jingina da kafaɗarta, ta ce, “Inna, ni na miƙa maku ruwan.” Suka haɗa kai suna kuka. Sadiya na tsugune tana kallon fuskar uwarta, ta kalli shuɗin gishirin, ta sake kallon uwarta.

Washegari da sassafe suka tafi babban asibiti, Suwaiba da Nafi da yaro. Aka bar Sadiya da tsaron gida kamar yadda aka saba. Aka yi layi, aka ɗebi jini a ɗan ƙaramin hannun nan, ya ɗan motsa baki bai ko yi kukan kirki ba. Aka ce sai an aika da jinin Yamai, su dawo. A hanyar komowa Suwaiba ta ce daga yau gishirin nan yadda ya fito daga buhu haka za a ci shi, da zarensa da komai. Nafi na shayarwa, in ta ci yaro zai samu a nono. Ko ba a gyara abin da ya wuce ba, a tare na gaba. Wannan ɗan tunani shi ya riƙe mata ƙafa har ƙofar gida.

Tun daga zaure ta ji ƙafarta ta taka laima. Tsakar gida ta jiƙe sharkaf, bidon ruwa duka a kife, ƙwarya a gefe. Buhun gishiri na rataye a igiya, an juye shi, an wanke shi shi ma. Ta ɗaga kai. A bakin soro faifai ne jere, da tabarma, da farantin ƙarfen nan, kowanne shimfiɗe da gishiri yana ƙyalli a rana. Sadiya ta ga ƙazamin gishiri mai tabo ya sa uwarta kuka jiya, ta kuwa tashi tsaye ta yi maganinsa. Ko ƙwaya ba ta bari ba.

Suwaiba ta kurma ihu. Ta kira sunan Sadiya, ta kira na Allah, ta faɗi maganganun da ba ta san tana da su a ciki ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta shigo da gudu ba ko mayafi, tana tambayar wa ya mutu. Unguwa duka ta ji wannan ihu. Mutum biyu ne kawai bai kai gare su ba: Sadiya da ke saman soro ta ba da baya tana tattara faifai, da Maigida da ke barci a bayan uwarsa.

Sai can Sadiya ta juyo ta gan su. Ta sauko matakala da sauri-saurinta na gajerun ƙafafu, hannu biyu a haɗe don kada ya zube. Zanenta jiƙe, yatsunta sun yi yaushi sun tsattsage saboda gishiri. Ta zo gaban uwar ta ɗaga tafinta daidai fuskarta, ta washe baki, ta tsaya tana jira.

Suwaiba ta dube shi. Fari ne ƙal, ba zare, ba yashi, ba tabo. Ba a taɓa wanke gishiri ya yi kyau haka ba a gidan. Ta nemi alamar hannu da za ta gaya wa yarinyar nan cewa abin da ta koya mata tun tana ƙarama, abin da kaɗai ta iya, shi ne ba a so. Babu irin wannan alama a cikin waɗanda suka saba. Murmushin Sadiya ya fara raguwa, idonta na neman inda ta yi kuskure.

Suwaiba ta sake duban tafin nan. Ta gyaɗa kai, ta ɗaga hannu ta shafa mata ka.